Farin Ƙwai a Kan Farin Ƙyalle

Ɗakin zane shi ne na ƙarshe a baranda, bayan ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, dab da lungun da ake jibge karyayyun kujeru. Yana da famfo guda a kusurwa, da wurin wanki na siminti wanda launuka suka rine har ba a iya cewa ga asalin kalarsa. Akwai gwangwanayen madara cike da burusai, da igiya daga taga zuwa taga inda ake shanya zanen da bai bushe ba. Malam Sake-Duba ya shiga ɗakin nan da baƙin gashi, a cikinsa kuma ya yi furfura.

Yara ne suka raɗa masa sunan, tun 'yan farkon da ya koyar, waɗanda yanzu 'ya'yansu ne ke zama a kujerun. In ka kai masa zanenka kana washe baki, ba zai ce ya yi kyau ba, ba zai ce bai yi ba. Sai ya tsuguna a gefen teburinka, ya nuna maka tsohon takalmin da ya ɗora a tsakiyar aji, ya ce ka sake duba. Ka sake, ka kawo, ya ce ka ƙara. Yakan ce yawancin mutane ba sa ganin takalmi, sunan takalmi kawai suke gani su wuce. Shi a wurin mahaifinsa ya koyi kallo. Tsohon mai rubuta allunan shaguna ne, shi kuma ya tashi yana riƙe masa tsani da gwangwanin fenti, yana ja da baya zuwa tsallaken titi don ya faɗa masa ko harafi ya karkace. Daga tsallaken titin nan ya wuce kwalejin horon malamai, daga can sai ɗakin ƙarshen baranda.

Ajinsa ya fi kowane aji hayaniya. Yara na tashi su leƙa aikin juna, a yi gardama a kan launi, wani ya koma gida da shuɗin gwiwar hannu. Iyaye suka yi ta kawo kukan tabon fenti a kayan makaranta. Da aka kawo sabuwar shugaba, mace mai son tsari wadda ko kujera ba ta son ganinta a karkace, sai ta fito da doka a taron malamai. Daga yau makin zane kashi biyu ne. Sittin cikin ɗari na halayya: zuwa da fensir da magogi, zama wuri ɗaya, kama baki, wanke burushi, share ƙarƙashin tebur, fita da riga fes. Sauran arba'in ɗin ne na zanen kansa.

Malam ya ɗaga hannu kamar ɗalibi.

"Ranki ya daɗe, to ai teburin nan ne zai zo na ɗaya. Ba ya magana, ba ya tashi, kullum shi ke riga kowa zuwa."

Malamai suka yi dariya, Shugaba ba ta yi ba. Ya karɓi takardar dokar, ya ninke ta, ya cusa a ƙarƙashin ƙafar wani tebur mai rawa, ya ci gaba da ba da maki yadda ya saba. Shekaru suka wuce a haka, ita tana tsaki, shi yana gaishe ta da ladabi.

Sai idonsa ya soma tafiya. Da farko shuɗi da kore ne suka riƙa shiga juna. Daga baya komai ya zama kamar ana kallonsa ta gilashin da tururi ya rufe. Likita ya haska masa fitila, ya yi rubuce-rubuce, ya ce jijiya ce. Maganin ɗigo zai rage mata sauri, amma abin da ya tafi ya tafi. A hanyar dawowa Malam bai yi tunanin tsallaka titi ko karanta jarida ba. Abu ɗaya ya tsaya masa a rai: in makaranta ta ji, za a karɓe ɗakin. Wa zai bar makaho yana duba zane? Ya sa maiɗakinsa da autarsu suka yi masa alkawari cewa maganar ba za ta wuce ƙofar gida ba.

Da fari maiɗakin ce idonsa. Tela ce, kekenta na falo kusa da taga. In ya dawo da yamma sai ta ture ɗinkin gefe, ta riƙa ɗaga takardun ɗaya bayan ɗaya tana faɗa masa abin da ke ciki.

"Wannan jaki ne ko kujera?"

"Buta na sa su zana."

"To wannan butar ƙafafunta huɗu, Malam. Ka ba shi maki, ko ba komai ya yi ƙari."

Sun yi dariya a kwanakin farko. Amma idonta idon tela ne, kalmasa take nema. Duk yaron da layinsa ya miƙe, launinsa bai fita waje ba, shi ne gwani a wurinta. In ya tambaye ta ta ina haske ya shigo, ina inuwa ta kwanta, sai ta ce ita dai ga buta nan tana gani. Wata rana ya ɗan ɗaga mata murya, sai ya ji tana jan hanci. Bai sake kawo takardu gida ba.

Ya je ya ɗaga ƙafar teburin nan ya zaro dokar Shugaba. Auta ta kwafe masa ita da manyan haruffa a kwali, ya manna a bango kusa da allo. Abin da ya raina shi ya zama mafakarsa, domin duk abin da dokar ke nema kunne da yatsa suna iya gano shi. Yana jin kujerar da aka ja, yana gane muryar da ta yi raɗa. In an tashi sai ya bi gwangwanaye yana murza kan burusai, wanda ya ƙage ya san teburin da ya fito. Yana shafa ƙarƙashin tebur da tafin takalmi ya ji ɓawon fensir. Sittin ɗin nan ya riƙe su da gaskiya, ko rabin maki bai taɓa zaluntar kowa ba. Arba'in ɗin kuwa sai ya kai takarda saitin taga, ya ga duhu-duhu da haske-haske, ya shafa ya ji inda fensir ya nutse, ya ji yadda ruwan launi ya sa takarda ta yi kumburi, ya ba kowa abin da ba zai jawo magana ba. Shugaba ta leƙo wata safiya ta tarar da aji tsit, ta ce ashe dai Malam yana jin magana, lokaci kawai yake ɗauka.

Wadda dokar ta fi cuta ita ce Rediyo. Yarinya ce 'yar aji biyu, siririya, wadda bakinta da hannunta ke tafiya tare. In ta yi shiru, fensirinta ma ya tsaya. Tana zane tana ba da labarin maƙwabtansu, tana yi wa na gaba tsiya a kan kunnuwansa, tana faɗa wa ajin cewa wane ya zubar da ruwa, wance na cin alewa a ɓoye. Malam ya san hannunta tun tana aji ɗaya, lokacin da in ya kai takarda kusa da hanci yana iya ganin layi. Ta taɓa zana maigadin makaranta yana gyangyaɗi, silifa ɗaya ya zame daga ƙafarsa, wuyansa ya langaɓe yadda kana gani ka san yanzu zai farka a firgice. A duk shekarunsa bai ga irin hannun ba sai a yara biyu ko uku.

A ƙarshen zango ta zo kusa da na ƙarshe. Ta jira kowa ya fita, ta tsaya a gaban teburinsa.

"Malam, ƙara na kawo."

"Ƙarar wa?"

"Taka."

Ta zayyana masa cewa wadda suke zama tare, wadda ke ɗora takarda a jikin gilashin taga ta kwafi hoton littafi, ta fi ta da maki mai yawa. Ta ce ta yarda tana da surutu, ko a gida an sani, amma ai akwai arba'in na zane, kuma a nan ma abin da aka ba kowa aka ba ta.

"Malam, ka ma duba nawa kuwa?"

Ya juya fuska wajen kwalin da ke bango, ya amsa mata da kalmomin Shugaba, cewa doka ba ta san gwani ba, in tana son maki ta kama bakinta. Ta ce a da ba haka yake ba. Ya ce ta wanke burusai kafin ta fita. Ya ji famfo na zuba, ya daɗe yana zuba.

Da aka dawo hutu Rediyo ta mutu, kamar yadda 'yan ajin suka riƙa faɗa, wai batirinta ya ƙare. Tana zuwa da fensir biyu da magogi, ta zauna, ta share, ta wanke, ta fita. Malam ya riƙa ba ta cikakken makin halayya, yana gaya wa kansa cewa ya taimake ta. Sai daga baya ya gane abin da ya yi asara. Surutun nan ne ke nuna masa ajin. Ta bakinta yake sanin wanda ya zubar da ruwa da wanda bai zo ba, da wanda ya yi wa buta hanci biyu. Da ta yi shiru, ɗakin ya ƙara yi masa duhu.

Jarrabawar 'yan aji biyu kullum iri ɗaya ce, kuma ita ce darasin da ya fi so. Yana shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, ya ɗora farin ƙwai a kai, ya ce a zana da ruwan launi. Yaron da bai iya kallo ba zai danna fensir ya zagaye ƙwan da baƙin layi, don ba ya ganin wata hanyar raba fari da fari. Wanda ya iya kuwa da ƙyar zai taɓa takardar. Ɗan toka-toka a ƙarƙashi, ɗan ruwan shuɗi a ninkin ƙyalle, sai ƙwan ya fito da kansa. A wannan jarrabawar, aikin da ya fi kyau shi ne wanda ya fi kusa da fari.

Bayan an tashi ya zauna shi kaɗai yana kai takardun taga. Baƙin zagaye, baƙin zagaye, wani ma kamar an zana dutse. Ya san ta Rediyo ce ta ƙarshe, don ita ta tattara ta kawo, kuma mai tattarawa tasa ke ƙasa. Ya shafa ta. Ta yi kumburi ko'ina, alamar burushi ya bi ta a hankali daga gefe zuwa gefe. Babu inda fensir ya nutse. Ya ɗaga ta ga haske, bai ga duhu ko ɗaya ba, sai fari mai ɗan motsi kamar inuwa na so ta fito. Ya san wannan. Irin aikin da ya yi shekaru yana jira ke nan, ya zo a lokacin da ba zai iya ganinsa sosai ba. A ransa har ya ga inda ta sa toka-tokan.

Mako na gaba ya tsaya a gaban allo, ya ɗaga takardar da hannu biyu, ya juya ta dama da hagu don na baya su gani. Ya daɗe bai yi magana irin ta ranar ba. Ya ce su duba yadda ba ta zana ƙwan ba, inuwarsa ta zana. Su duba yadda ta bar takarda ta yi rabin aikin. Ya ce shiru ya yi mata rana, ga halayya ga aiki, kuma tunda yake koyarwa bai taɓa ba da makin da ya ba ta ba.

Ba wanda ya tafa. Wata kujera ta yi ƙara a baya, ta tsaya.

"Malam," in ji Rediyo, da wata ƙaramar murya.

"Kar ki ce komai. Ki ci gaba da yadda kike."

Ya ɗauka kunya ce. Ya sa takardar a cikin kwali don kar ta lanƙwashe, ya tafi da ita gida, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya tarar da maiɗakinsa a kan keke. Ya ce ta tsaya ta wanke hannu, yau zai nuna mata bambancin zane da kalmasa. Ta yi dariya, ta goge hannu a zani, ta karɓa. Ya ji ta juya takardar, ta sake juyawa.

"Malam, wace fuskar?"

"Wadda ke da suna a ƙasa."

"Ga sunan na gani." Ta sake juya takardar. "Ko dai wata ka ɗauko?"

Ya ce ita ce, ta duba da kyau, abin ba ya son gaggawa. Ya ce ta fita da ita tsakar gida inda rana take. Ta fita, ya bi ta yana dafa bango. Ta daɗe a tsaye.

"Babu komai a jiki, Malam. Ruwa ne kawai aka shafa mata ya bushe."

Ya koma falo ya zauna a kujerar da masu kawo ɗinki ke zama. Ta ce yarinyar nan ba ta da tarbiyya, gobe da kanta za ta je makarantar. Ya ce ta bari. Yarinyar tambaya ta yi, kuma ta samu amsa, a gaban mutum arba'in.

Washegari ya shiga makaranta yana jiran a kira shi ofis. Ba a kira shi ba. Ya jira dariya a baranda, ya jira wani ya kwaikwayi yadda ya ɗaga takardar. Shiru. Yaran ba su faɗa wa kowa ba, ko 'yan sauran azuzuwan da labarin ya kai musu sun riƙe shi a tsakaninsu. Abin da ya canza a cikin ɗakin ne. Jakunkunan da yake tuntuɓe da su a tsakanin tebura suka ɓace. Duk mai miƙo takarda sai ya faɗi sunansa, kamar da wasa. In ya nemi alli sai ya ji an turo shi kusa da yatsunsa. Ba a taɓa yi masa ladabi irin na lokacin ba. Kuma da ya kasa kunne, ƙarar da ya fi sani a duniya, ƙarar fensira da yawa suna karce takarda a lokaci ɗaya, ta ragu, ta ragu. Abin da yake ji shi ne ana buɗa shafukan wasu littattafan a ƙarƙashin tebur, ana raɗar lissafi.

Ya tsayar da Rediyo wata rana bayan darasi. Kafin ya yi magana ta soma kuka. Ta ce wallahi ba ta zaci zai ɗaga ba, so take kawai ta sani, ita kaɗai.

"To kin sani?"

"Na sani, Malam."

"Shi ke nan. Ban riƙe ki ba. Amma ina bin ki ƙwai. Ki zana mini shi, na gaske."

Ta share hanci. Ba da rashin kunya ta faɗa ba, tambaya ce kawai.

"Wa zai gani?"

Ya ce ta tafi kar ta makara a darasi na gaba.

Ya kwana biyu yana juya abin, sannan ya sa rigarsa mafi kyau ya nufi ofishin Shugaba. A hanya ya shirya maganarsa. Zai faɗi gaskiya, zai ce a kawo matashi mai ido ko da shi zai zauna a gefe yana wanke burusai, in kuma an ce ya tafi, zai tafi. Ya faɗa mata komai a tsaye, har da takardar ruwan. Ta saurare shi tana sa hannu a wasu takardu, yana jin biron na tafiya.

"Zauna mana, Baba. Kujerar na hagunka." Ta ajiye biron. "Ai na daɗe da lura. Tun ranar da ka gai da mai kawo ruwa da sunan malamin lissafi."

Ya zauna.

"Wani ya kawo ƙara ne? Iyaye ko yara?"

Ya ce babu.

Ta ce to ita ba ta ga matsala ba. Sakamakon ajinsa ya fi na kowane darasi kyau, an daina kawo mata riguna masu tabo, kuma zane ba ya cikin jarrabawar fita, ba wanda zai tambaya. In ya tafi yanzu ba za a aiko da wani ba, sai dai ta rasa wanda zai riƙe mata yara a wannan lokacin. Ya yi haƙuri ya ƙarasa ɗan abin da ya rage masa kafin ritaya, ya fita da mutuncinsa. Bayan nan dama ana son ɗakin, kwamfutocin da aka yi musu alkawari ba su da wurin zama. Har ta ce tana so ya yi wa sababbin malamai bayani a taro na gaba a kan yadda ake riƙe aji, don ba ta taɓa ganin yara sun natsu wa mutum haka ba.

Ya yi godiya, domin bai san me kuma zai yi ba. Ta kira masinja ya raka shi, ya ce ya san hanya.

Har yanzu yana can. Yana zuwa da wuri, ya buɗe tagogi, ya zauna. Yara su shigo a layi su gaishe shi da murya ɗaya. Ya daina ɗora komai a tsakiyar aji, ba kuma wanda ya tambaye shi dalili. Rediyo na zama a baya, an ce ta zama ta uku a lissafi. Monita ya raba takardu, in an kaɗa ƙararrawa ya tattara ya kawo, Malam ya daidaita gefunansu a kan tebur, suna nan sumul, a bushe. Mai kula da sito ya ce masa kwanan nan ajin zane ya koyi tattali, don takardun da aka raba ranar Litinin su ake sake rabawa ranar Alhamis.